FASHIN MAKARANTA DA HUKUNTA IYAYE: WAIWAYE DAGA TUDUN WADAR SAKKWATO

 

GABATARWA

Duk wanda ya ratsa unguwar Tudun Wada, a cikin Ƙaramar Hukumar Sakkwato ta Kudu, da hantsi a ranar da ake makaranta, ba zai rasa ganin yara a kan hanya ba. Wata tana ɗauke da faranti tana tallar gyaɗa ko ƙosai, wani yana wurin bakanike yana miƙa sifana, wani kuwa sanye yake da rigar makaranta sosai, amma ya laɓe a gindin dogon-yaro yana jiran a tashi ya bi ayarin masu komawa gida. Abin da ake gani a Tudun Wada shi ake gani a unguwannin Kano da Katsina da Zariya. Ganin haka ne yakan sa mutane su ce, ai maganin abin a kama iyayen, a ci su tara, in ta kama a ɗaure su.

Wannan lacca za ta duba wannan magana ce: shin daidai ne a hukunta iyaye saboda 'ya'yansu suna fashin makaranta? Amsar da za a kai gare ta ita ce, hukunci yana da gurbi, amma gurbinsa na ƙarshe ne, kuma bai halatta ba sai hukuma ta sauke nata nauyin, ta kuma rarrabe tsakanin uban da ya ƙi da uban da ya kāsa. Domin a kai ga wannan, za a fara da fayyace ma'anar fashi, sa'an nan a waiwayi tarihi, a karanta doka, a leƙa wasu ƙasashe, a dawo gida.

MENE NE FASHI?

Kafin a yanke hukunci sai a san laifi. Yaran da ba su cikin aji da hantsi ba iri ɗaya ba ne, sun kasu aƙalla kashi uku.

Na farko shi ne yaron da aka sa shi makaranta, aka ɗinka masa riga, aka ba shi kuɗin tara, ya fita gida da sunan makaranta, ya zarce wani wuri. Wannan shi ne ɗan fashi na ainihi, kuma sau da yawa uban nasa shi ne na ƙarshen sani.

Na biyu shi ne yaron da sunansa yana cikin rajista, amma gida ne yake riƙe shi: yarinya ta yi talla domin a sami cefane ko a tara kayan ɗaki, yaro ya tsare shago, ko a tafi da shi ƙauye da damina ya yi noma. A nan iyaye sun sani, su suka sa.

Na uku shi ne wanda bai taɓa shiga aji ba sam, kamar almajirin da aka kawo birni daga ƙauye, ko ɗan da iyayensa suka gudo daga Isa ko Sabon Birni ko Rabah saboda 'yan bindiga. Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 a Nijeriya da ba su zuwa makaranta, a 2022 kuma hukumar UNESCO ta ƙiyasta kimanin miliyan 20 idan aka haɗa da waɗanda suka isa shiga sakandare. Mafi yawansu a Arewa suke.

Wanda ya tara waɗannan kashi uku a kwando guda ya ce a yi musu magani ɗaya, ya yi kama da likitan da yake ba mai zazzaɓi da mai karaya ƙwaya guda.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Tilasta karatu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato, haka kuma ɗora wa maigida nauyin ilmin iyalinsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman zamaninsa da suke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis suke kai karatu har cikin ƙauyuka wurin matan da ba su iya zuwa. Abin lura a nan shi ne, da aka ga mata ba su samun zuwa wurin karatu, karatun aka kai musu.

Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Ba a daɗe ba aka buɗe makarantar boko a garin domin 'ya'yan sarakuna, a Kano kuma Ɗan Hausa ya buɗe ta Nassarawa a 1909. Da makarantun elementare suka yaɗu a hannun En'e, sai aka riƙa ɗora wa hakimi adadin yaran da zai kawo, shi kuma ya ɗora wa dagatai da masu unguwanni, dogarai su bi gida gida. Dattawa suna ba da labarin yadda ake ɓoye yaro a rumbu, ko a tura shi wurin dangi a wani gari, ko mai hali ya ba da ɗan baransa a madadin nasa. Gaskiya ne daga makarantun nan aka sami mutane irin su Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato, da Alhaji Shehu Shagari, wanda ya yi elementare a Yabo. Amma tilas ɗin ta bar tabo. Talaka ya ajiye makaranta a zuciyarsa jere da haraji da jangali da aikin tilas, watau abubuwan da hukuma take karɓa a hannunsa. Wannan tabo bai gama warkewa ba, kuma duk dokar da za ta aika ɗan sanda gidan uba saboda makaranta, fama shi za ta yi.

Sai a gwada wannan da abin da ya faru a watan Satumba na 1976, lokacin da Gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. An shirya wa yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun zo, babu tara, babu ɗauri. Azuzuwa suka kāsa, malamai suka kāsa, aka koyar a gindin itatuwa. Da kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, albashin malamai ya riƙa makara, jihohi da yawa suka dawo da kuɗin makaranta, yara kuma suka janye. Darasin a fili yake: lokacin da aka buɗe ƙofa iyaye sun kawo 'ya'yansu fiye da yadda aka zata, kuma hukuma ce ta fara gajiya.

ABIN DA DOKA TA CE

Masu kiran a yi doka sau da yawa ba su san akwai ta ba. A nan Sakkwato ne Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a ranar 30 ga Satumba, 1999. A 2004 aka kafa dokarsa, wadda ta ce ilmin firamare na shekara 6 da ƙaramar sakandare na shekara 3 kyauta ne kuma tilas. Sashe na 2 na dokar ya wajabta wa kowane uba ko mariƙi ya tabbata ɗansa ya je ya kuma kammala. Wanda ya saɓa, a karon farko gargaɗi za a yi masa. A karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyu. Daga nan tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu ko duka biyu. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ita ma tana da irin wannan tanadi a sashe na 15. A 2023 an gabatar da ƙuduri a Majalisar Dattawa domin a ɗaga tarar har zuwa naira 50,000.

Akwai abubuwa uku da suka cancanci a tsaya a kansu.

Na ɗaya, lokacin da aka rubuta dokar mafi ƙarancin albashi naira 5,500 ne, saboda haka tarar naira 2,000 ta fi sulusin albashin leburan Gwamnati. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa, tarar ta zama abin dariya. Ga bazawarar da take dogara da tallar 'yarta, har yanzu kuɗin abincin yini ne ko fiye. Ke nan tarar ba ta tsorata mai hali, tana dai cizon marar hali.

Na biyu, dokar ba iyaye kaɗai ta kama ba. Sashen farko na wannan sashe na 2 Gwamnati ya fara ɗora wa nauyin samar da makarantar. Sashe na 3 kuma ya ce duk wanda ya karɓi kuɗi a hannun ɗalibi a makarantar Gwamnati ya yi laifi, hukuncinsa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba ko ɗaurin wata uku ko duka biyu. A lura, hukuncin mai karɓar kuɗi ya fi na uban ɗan fashi nauyi. Amma iyaye sun san kuɗin jarrabawa da na alli da na tsintsiya da na taron iyaye da malamai, kuma sun san yadda ake koro yaro idan bai kawo ba. Yaron da aka koro saboda naira ɗari biyu, wa ya sa shi fashi?

Na uku, dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin wannan aiki, da sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason daidai da wanda za a ba ta. Shekaru da dama biliyoyin naira sun yi ta kwana a hannun hukumar UBEC saboda wasu jihohi ba su kawo nasu ba. Ba a tanadi ɗauri ga jami'in da ya bar kuɗin nan kwance ba. A 2010 Kotun ECOWAS ta yanke cewa ilmi haƙƙi ne na kowane ɗan Nijeriya wanda ana iya nemansa a kotu. Idan aka bar wannan gefe aka tasar wa mai tallar ƙosai, to, an bar jaki ana dukan taiki.

HUJJAR MASU GOYON BAYAN HUKUNCI

Adalci ne a ba wa masu neman hukunci haƙƙinsu, gama hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa yaro ba dukiyar ubansa ba ne, amana ce a hannunsa. Yaro ɗan shekara 8 ba ya iya kai ƙara, kuma shekarun da suka wuce shi ba su dawowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shari'ar Musulunci ta ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa da tarbiyya, ta kuma ba alƙali ikon ta'aziri a kan wanda ya tozarta amana. Suna cewa akwai uban da yake da halin sayen babur da ƙara aure, makaranta tana bayan gidansa, amma 'yarsa tana yawon talla har bayan isha'i. Irin wannan, in babu tsoron hukuma, me zai tsayar da shi?

Wannan gaskiya ce, kuma saboda ita ne bai kamata a soke hukunci daga cikin doka ba. Sai dai Shari'ar da ta ba da ikon ta'aziri ita ce ta kafa ƙa'idar cewa ba a kallafa wa mutum abin da ba shi da iko a kansa, kuma ba a hukunci sai bayan an tsayar da hujja. Uban da aka kwatanta yana nan, amma ba shi ne mafi yawa ba. Aikin hukuma shi ne ta gano shi a cikin taron waɗanda suka kāsa.

LEƘEN WASU ƘASASHE

Ingila ta mai da karatun firamare tilas a 1880. Ba da daɗewa ba ta gane tilas kaɗai ba ta isa ba: a 1891 ta sauke kuɗin makaranta, a 1906 ta yi dokar ciyar da yaran matalauta a makaranta. Dokarta ta ilmi ta 1996 ta ba kotu ikon cin iyaye tara har fam 2,500 ko ɗaurin wata uku, a 2002 kuma an ɗaure wata uwa a garin Banbury saboda fashin 'ya'yanta mata. A 2024 aka ɗaga tarar nan take daga fam 60 zuwa fam 80. Duk da haka, a shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 kimanin ɗalibi ɗaya cikin biyar a Ingila ya rasa aƙalla kashi 10 cikin 100 na kwanakin makaranta. Ƙasa ce mai rajista cikakkiya da kotuna masu aiki, amma tara ba ta kashe fashi ba.

Faransa ta yi doka a 2010 ta dakatar da kuɗin tallafin iyali ga gidan da ɗansu yake fashi. A 2013 ta soke ta.

Meziko da Barazil suka bi ta wata hanya. Meziko a 1997, Barazil a 2003, suka kafa shirin ba iyaye matalauta kuɗi, akasari a hannun uwa, da sharaɗin yaro ya riƙa halartar makaranta. Sun gane cewa yaron talaka ma'aikaci ne a gidansu, zuwansa makaranta asara ce ta yau domin ribar gobe, talaka kuwa yau ce ta dame shi.

Ba sai an je nesa ba ma. Daga 2014 zuwa 2016, a ƙarƙashin shirin ilmin 'ya'ya mata na UNICEF, an gwada ba iyaye naira 5,000 duk wata uku a kan kowace yarinya a wasu ƙananan hukumomi na jihohin Sakkwato da Neja. Binciken da aka yi bayan shirin ya nuna shigar 'yan mata makaranta ta ƙaru. Wannan gwaji a ƙasar nan aka yi shi, da iyayen nan da ake cewa ba su son boko.

A DAWO TUDUN WADA

Sakkwato ba ta rasa yunƙuri ba. A Gagi, cikin ƙaramar hukumar nan da Tudun Wada take, Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a watan Afrilu na 2012. A ƙarshen 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da ilmin almajirai da yaran da ba su makaranta. Abin da ya rage shi ne aikin yau da kullum a matakin unguwa, wanda ba a yanka masa kirtani, ba a kiran 'yan jarida dominsa.

A ɗauka yau an ce a fara aiki da sashe na 2 a Tudun Wada. Majistare zai nemi hujja. Hujjar ita ce rajistar aji. To, ajin da malami ɗaya yake fama da yara masu yawa ƙwarai, ana kiran suna kullum kuwa? Idan malamin da kansa bai zo ba ranar, wa ya yi fashi? Wa ya sanar da uban, a rubuce ko da baki, kuma yaushe? Idan an ɗaure uban wata ɗaya, wa zai ciyar da gidan? Amsar ita ce yarinyar nan da ake so ta koma aji, ita za ta ninka tallarta. Idan kuwa uban ya tafi cin rani ko ya rasu, uwar ce za ta tsaya gaban alƙali. Almajiri kuma ubansa yana wata jiha, ko a ƙetaren iyaka a Nijar. Sammaci ba zai same shi ba. Uban da ya ji labarin ɗaliban tsangaya 15 da aka sace a Gidan Bakuso ta Ƙaramar Hukumar Gada a watan Maris na 2024, ya riƙe ɗansa kusa da shi, tsoro ne ya sa shi, tsoro kuwa ba a cinsa tara.

SHAWARWARI

Bisa ga abin da ya gabata, ga matakan da suka kamata, kuma jerinsu shi ne muhimmin abu.

1. A gyara rajista. A kira suna safe da bayan tara, hedimasta ya sa hannu kowane mako, mai duba makarantu ya bincika. A riƙe rajistar malamai da irin wannan tsanani.

2. A zartar da sashe na 3 tukuna. A hana karɓar kuɗi a makarantun Gwamnati, Gwamnati kuma ta ba hedimasta kuɗin alli da tsintsiya, domin abin da yake sa shi karɓa ke nan.

3. Yaron da ya yi fashin kwana uku a jere, a sanar da gidansu a cikin makon. Yawancin 'yan kashi na farko a nan za a gama da su.

4. Idan fashin ya ci gaba, kwamitin kula da makaranta ya zauna da mai unguwa da liman da wakiliyar mata, a kira iyaye a ji dalili. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai unguwa kuwa ya san gidan da ake ɗora tukunya da wanda ba a ɗorawa.

5. Inda dalilin talauci ne, a taimaka: abinci a makaranta, riga, tallafi a hannun uwa, ko daga zakka da waƙafi. Inda sana'a ce, a daidaita lokaci, yaro ya yi aji da safe ya je wurin maigidansa da yamma.

6. Wanda aka bi duk waɗannan matakai da shi, aka tabbata yana da hali, makaranta tana da gurbi da malami, ya kuma ƙi, shi za a kai kotu. Tararsa ta dace da ƙarfinsa, kuɗin kuma ya koma makarantar. A sauya ɗauri da aikin gayya a makarantar, domin kurkuku ba ta taɓa mai da yaro aji ba.

KAMMALAWA

Ɗaliban da ke wannan zaure, gobe su ne malamai da alƙalai. Ma'aikatan da ke nan, ta hannunsu takardun kasafi da na dubiyar makarantu suke bi. Saboda haka maganar ba ta wasu can ba ce. Dokar 2004 alkawari ce mai ɓangare biyu: hukuma ta ce za ta samar da makaranta kyauta, uba ya kawo ɗansa. Wanda ya rubuta alkawari shi ya kamata ya fara cikawa. Ranar da hukuma za ta iya nuna wa uba a Tudun Wada kujerar ɗansa, da malamin ɗansa, da rajistar da ta nuna kwanakin da bai zo ba, da takardar taimakon da aka yi masa tayi ya ƙi, a ranar ta sami bakin hukunta shi, kuma jama'ar unguwa za su tsaya mata shaida. Kafin wannan rana, hukunci zai fāɗa ne a kan mafi rauni, ya kuma ƙara nisanta talaka da makaranta.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya ba iyaye abin da za su sauke nauyin da ke kansu.